Fuskar Iya Murfi

A masana'antar man shafawar nan ba mai kiranta da sunan yanka. Iya Murfi ake ce mata, don aikinta ke nan tun da sauran ƙuruciyarta: kwalba ta iso gabanta, ta ɗora murfi, ta murɗa, ta tura gaba. Da wannan murɗe-murɗen ta rufa wa kanta asiri bayan rasuwar mijinta, ta raini 'yarta tilo har ta zama budurwa. Yatsunta duk sun yi kanta.

Sai kamfanin ya fito da sabon mai, wai daga furen wardin daji aka tatso shi, yana goge tamojin tsufa. Iya ba ta musa ba, ba ta kuma taɓa lakuta ba.

Ran nan manaja ya kira ta ofis, har da nuna mata kujera, abin da bai taɓa yi ba. Ashe ya hango 'yarta ranar da ta kawo mata abinci, ya ga kamarsu ɗaya sak.

"Iya, talla za mu yi. Hotonki a hagu, mu rubuta kafin shafawa. Na 'yarki a dama, bayan shafawa. Ba sai kin yi kwalliya ba, yadda kike ɗin nan ya fi."

"Ranka ya daɗe, wato ni ce cutar, ita ce warakar?"

"Haba Iya, hoto ne fa kawai. Kin dai san masu son gurbinki na nan jibge a bakin ƙofa."

Ta sani sarai. Ta kuma san ba mai rububin ɗaukar mace mai shekarunta aiki. Duk da haka bakinta bai mutu ba.

"Yarinyar nan ni na haife ta, ba kwalbarka ba. Tamojin nan kuwa nawa ne, wuya na sha na tara abina. Ba za a kafa ni a titi ana tsorata mata da ni ba."

Ta cire hular aiki ta ajiye masa a kan tebur.

Ba a jima ba allon tallan ya tashi a mararraba. Fuskar hagu ta abokiyar aikinta ce, mai manna takarda a kwalabe, wadda ke riƙe da jikoki marayu. Iya ta daɗe tana kallonta, tausayi ya cika ta.

"Allah ya saka miki, 'yar'uwa," ta ce a fili.

Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta tsallaka titi zuwa shago na gaba tambayar aiki.