Ranar da Cikina Ya Yi Magana a Gaban Surukina

Salamu alaikum jama'a. Masu cewa na yi kuɗi na ɓuya, ku yi haƙuri, ban yi ba. Tun bayan cirar gyaɗa nake kwance.

Da zazzaɓi ya fara. Ni da ilimina na rabin sakandare na yanke hukunci cewa maleriya ce. Na dinga haɗiyar ƙwayoyin kyamis har cikina ya ƙulle kamar dutse. A asibitin garinmu Karaye aka ɗebi jini, aka yi hoto, aka ce taifot ce ta huda hanji, sai Kano. Gyaɗar bana can ta ƙare.

An yi aiki. Na farfaɗo da roba a hanci, ba ci ba sha. Matata, Maman Ummi, tana jiƙa auduga tana shafa min a leɓe.

Likita ya ce, "Malam Sabo, hanjinka barci yake. Sai ka yi tusa za mu san ya farka. In ya ƙi, za mu sake buɗe ka."

Na ce, "Likita, abin da ake dukan yara a kai?"

Bai yi dariya ba. A nan tsoro ya kama ni. Ummi ko firamare ba ta shiga ba.

Kullum da safe nas za ta tambaya, in girgiza kai kamar wanda ya faɗi jarrabawa.

Sai ga surukina ya zo dubiya daga Gwangwan. Malamin allo ne, ko tari ban taɓa yi a gabansa ba. Ya zauna, ya ɗaga hannu yana min addu'a.

Ana tsakiyar addu'a abin ya zo. Ba ƙarami ba. Har na gadon ƙarshe ya ji.

Na runtse ido.

Malam ya shafa, ya dubi 'yarsa. "Ita ce ake jira?"

"Ita ce, Baba," ta ce, tana kuka.

"To, an amsa. Kira likita."

A da, in na ci tsire a majalisarmu ta Unguwar Hajji, na sha shayi, na sa mutane dariya, sai in ce ina cikin farin ciki. Ashe jin daɗi ne, da an naɗe tabarma ya tafi. Ranar nan ba daɗi ko kaɗan. Ɗinki na zugi, ga ƙishi, ga kunya. Amma wani abu ya cika min ƙirji, zan koma gida in ga Ummi da kayan makaranta. Har yau bai fita ba.

Na gode wa Allah. Likitoci, nas-nas, waɗanda suka ba da jini, da Maman Ummi, Allah Ya saka muku da alheri.

Zazzaɓi in ya ƙi sauka, ku je a gwada jini, kar ku yi likitanci irin nawa. Ku dinga tafasa ruwan sha.

Jiya na je Gwangwan yin godiya. Na durƙusa, Malam ya ce, "Ya cikin?"

"Yana aiki, Baba."

"Madalla. Ya ci gaba da yi, amma a Karaye."