Farar Tsakuwar da Na Sa Aljihu

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin malamin gona tsakanin Isa da Sabon Birni, akwai ranar da ba ta taɓa fita raina ba, kuma ba a ƙasarmu ma abin ya faru ba. Ku sababbin ma'aikata kuna ta gulmata wai ina ɓata wa direbobi lokaci, ba na barin tarakta ta shiga gona sai na zagaya ta da ƙafa tare da mai ita. To, ku gyara zama ku ji dalili.

Tun ban zama shugaban sashe ba aka tura ni kwas na wata uku kan adana iri a wata ƙasa ta gabashin Turai. Aka sauke mu a gonar gwaji da ke bakin wani ƙaramin ƙauye. Gonar gwaji ita ce inda ake shuka iri kashi-kashi, a ga wanda ya fi jure fari da ƙwari kafin a raba wa manoma. Mai kula da mu wani dogo ne mai fara'a, Dokta muke ce masa. Ranar da aka ba mu lauje, sauran ɗaliban suka riƙe shi kamar cokali, ni kuwa ɗan Gobir na duƙa ban ɗago ba sai da na gama yankan kasona na shiga na wasu. Na gaya wa Dokta a garinmu irina ake naɗawa Sarkin Noma, shi ke nan sunan ya bi ni. Kaina ya kumbura ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Wata safiya Dokta ya ce gobe akwai taro a bakin dajin bayan gona, mutanen gari na neman wanda zai share musu wurin. "Sarkin Noma, wannan aikinka ne," in ji shi. Ban tsaya tambayar taron mene ne ba, na ɗauki lauje da baro na wuce.

Na tarar da fili mai ciyawa, a tsakiyarsa wani faffaɗan dutse a shimfiɗe, da rubutu a jikinsa wanda ban iya karantawa ba. Na yanke ciyawa tas. Sai na ga saman dutsen cike da tsakuwa layi-layi, na ce a raina yaran ko'ina ɗaya suke, sun zo sun yi wasa sun bar wa manya shara. Na sa hannu na share su cikin baro. A hanyar shigowa akwai rami mai laka, na juye su ciki na tattake da takalmi don kada baƙi su zame. Wata fara sumul ta burge ni, na jefa ta aljihu, na ce wannan ta dara ce in na koma Isa.

Ina tsaye ina jiran yabo sai ga Dokta tafe, yana riƙe da hannun wata tsohuwa mai ɗankwali, idanunta sun yi fari da yana. Sunanta ya fi ƙarfin harshena, don haka Inna nake ce mata har yau. Ta kai hannu saman dutsen ta shafa, ta sake shafawa, sai kawai ta zauna a ƙasa. Dokta ya dube ni, fara'ar nan duk ta tafi, ya ce, "Ina duwatsun?"

Na nuna masa ramin.

A nan ya ba ni labarin da ya kamata in tambaya tun farko. Da can rabin ƙauyen Yahudawa ne. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojojin mamaya suka tara su, maza da mata da yara, suka kawo su wannan fili suka harbe su rana ɗaya. Al'adarsu ce in an ziyarci mamaci a ajiye masa ɗan dutse. Inna ba Bayahudiya ba ce, maƙwabciyarsu ce, tana ƙarama aka yi abin. Da ba Bayahuden da ya rage a ƙauyen, ita ta ɗauki al'adar: kowane mutum da tsakuwarsa, ta jera su gida-gida yadda gidajen suke a layinsu. Rubutun dutsen sunayen iyalai kawai ya ɗauka, ba na kowane yaro ba. Kowace shekara jikokin dangin da suka tsira sukan zo daga nesa, Inna ta bi tsakuwar da yatsa tana kiran sunaye. Yanzu ga tsufa, ga makanta, in ba tsakuwar a jere tana tsoron ta tsallake wani, kuma wanda ta tsallake babu sauran mai tuna shi a duniya.

Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na so ƙasa ta tsage in shige. Na naɗe hannun riga na shiga laka. Sarkin Noma guda yana tonon rami da farce, yana wanke tsakuwa a bokiti ɗaya-ɗaya! Ina miƙa wa Inna, tana juya ta a tafin hannu, ta faɗi suna, ta ajiye a mazauninta. Gidan tela, gidan mai burodi, gidan mai gyaran takalmi. Abin da ya daɗa kashe mini jiki shi ne sunayen. In ka cire karin harshe, Ibrahim ne, da Isiyaku, da Yakubu, da Dauda, da Maryamu, kamar ana kiran rajistar manoman ƙauyen Tsamaye a can gida.

Har bayan azahar muna yi. Da ramin ya ƙare, Inna ta bi layin ƙarshe da yatsa ta tsaya a wani gurbi. Dokta ya fassara: "Ta ce saura ɗaya a gidan tela. Fara ce, mai santsi."

Shaiɗan ya ce in koma ramin in yi kamar a can na tsinto ta. Na ce a'a, ɓarna ɗaya ta isa. Na zaro ta daga aljihu na ce, "Dokta, gaya mata ni na ɗauka, ta burge ni ne, dara na so in yi da ita."

Dokta ya fassara yana ɗari-ɗari. Sai Inna ta tuntsire da dariya har da hawaye. Ta ce Saratu ce, ƙawarta, ɗiyar tela. Wai tun suna yara ba ta zama wuri ɗaya, duk baƙon da ya shigo gari sai ta bi shi, ga shi har yau ba ta daina ba. Ta kama hannuna ta ce ni zan mayar da ita gida. Na ajiye ta kusa da ta mahaifiyarta. Washegari Inna ta kira sunaye duka, ba ta tsallake ko ɗaya ba, ni kuma ina can baya a tsaye, farcena cike da laka.

Shekaru suka wuce, masifar 'yan bindiga ta same mu. Da mutanen wani ƙauye bayan Gatawa suka fara komawa gida, ofis ya ba da tarakta a yi musu huɗa. Tsarin shi ne malamin gona ya auna, ya sa hannu, direba ya shiga. A gonar wata dattijuwa mai suna Tumba muka ga tsohon turmi a kife tsakiyar fili, an kewaye shi da ƙaya. Mamman direba ya leƙo ya ce, "Malam, wanga tarkace hwa? Bari in bi ta kai mu wuce."

Na ce, "Kashe mota, Mamman. Za ni tambaya."

Tumba ta ce, "Nan anka riske su suna aiki. Kabarinsu na maƙabarta, amma nan nika zamnawa in yi musu addu'a."

Na ce, "Allah shi jiƙansu, Inna. Su wa da wa ne?"

Ta dube ni ta ce, "Kowa ya zo daga ofis, 'Mutum nawa?' shika tambaya. Kai ɗai ka ce su wa." Sannan ta faɗe su a hankali: maigidanta Garba, da 'ya'yanta Lawali da Hashimu. Mamman ya sauko muka shafa fatiha, ya hau ya zagaye turmin a tsanake.

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan: ma'auninmu faɗin gona kawai yake nunawa, abin da ke cikinta sai mai ita ya faɗa, kuma ba zai faɗa ba sai ka tambaya. In kun je gonar Tumba za ku ga kunyoyi sun lanƙwasa a tsakiya. Aikina ne, kada kowa ya miƙe su.