Ungozomar da Ba a Haife Ta Ba

A garin Peña Colorada babu wanda aka haifa kafin yaƙi. Ba wasa nake ba, haka takarda ta nuna. A shekara ta uku da fara yaƙin 'yan tawaye suka sauko daga dutse suka cinna wa ofishin magajin gari wuta, littattafan haihuwa suka zama toka. Bayan wata biyar jirgin soja ya zo nemansu, bai same su ba, sai ya huce a kan coci, littattafan baftisma su ma suka bi 'yan'uwansu. Shekara goma sha biyu ɓangarorin nan suna kashe juna, wannan ne kaɗai aikin da suka taɓa yi tare.

Da aka yi sulhu aka ce za a yi zaɓe, kowa ya zo ya karɓi kati. Amma ba kati sai da takardar haihuwa, takardar haihuwa kuwa sai ka kawo shaida wanda ya girme ka, ya rantse ya san ranar da ka faɗo duniya da cikin da ka fito. Nan fa kasuwar Niña Tancho ta buɗe.

Cikakken sunanta Tránsito Guardado, amma ko fadan coci bai taɓa kiranta da shi ba. Ungozoma ce, 'yar guntuwar tsohuwa mai tabarau ɗaure da zare, kullum da naɗin taba a baki, da wani tsohon almakashi a aljihu. Shekara hamsin da ɗoriya tana yanke cibiya a garin da ƙauyukansa. Karatu ba ta yi ba, amma ka tambaye ta haihuwar kowa, za ta faɗa maka rana da wata, ta ƙara maka da ko an yi ruwa.

Kowace safiya sai ta zo sabon ofishin, wanda ɗaki ɗaya ne da rufin kwano, ta zauna a kujerar da ke gefen sakatariya. Sakatariyar nan, Dinora Menjívar, duk gari an san ita ce ta ɗauko galan ɗin fetur ranar da aka ƙona tsohon ofishin, tana 'yar shekara goma sha shida. Yanzu ga ta zaune gaban tafireta tana mayar da mutum dubu uku duniya da yatsa biyu. Niña Tancho ba ta bari ta manta.

"Buga, 'yata, buga. Da kin san ke za ki sake rubuta su, da kin rage fetur ɗin."

Matsalar shaidar Niña Tancho ɗaya ce, ba ta tsayawa a kwanan wata. Sai ta kwashe labarin haihuwarka kaf ta zube a gaban layi. Evaristo mahauci, wanda ya yi saje a soja yake kuma tafiya kamar har yanzu akwai igiya a kafaɗarsa, ya zo ya tsaya yana hura hanci.

"Evaristo Alas," in ji ta. "Sha huɗu ga Oktoba. Da gindi ya fito, don tun daga ciki yake gudun gaba. Kwana uku yana ihu ya ƙi kama nono, sai da muka shafa masa zuma."

Layi ya kwashe da dariya, saje ya karɓi takardarsa ya fita ba sallama. Fidelina mai shago kuwa sai da ta kawo mata kofi da biredi mai zaƙi, sannan ta sunkuya ta raɗa mata cewa shekararta arba'in da ɗaya. Tsohuwa ta cinye biredin tas, ta kaɗe hannu.

"Arba'in da takwas. Haba Fidelina, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, balle naki da ni na yanke shi."

Abu ɗaya dai babu mai musu a kansa, ba ta zaɓen wanda za ta shaida. Tsohon soja, tsohon ɗan tawaye, wanda ya gudu Honduras ya dawo, duk ɗaya. In wani ya yi gunaguni sai ta ce tsirara ta gan su duka, babu wanda ya fito da bindiga.

Ranar Litinin ɗin makon da za a rufe rajista, layi ya ƙare da wuri. Niña Tancho ta gyara zama ta ce, "To, saura ni. Sa takarda."

Dinora ta sa takarda, ta ɗora yatsu, sannan ta tsaya. "Iya, wa zai shaide ki?"

"Ni mana. Ina wurin aka yi."

"Doka ta ce wanda ya girme ki."

"Dokar da kika babbake?"

"Ita fa. Na ƙona na gaskiya sau ɗaya, Iya, ba zan cika sabon da ƙarya ba. Ko don ke."

"Ja'ira! Da na sani da na bar miki cibiya kamar wutsiyar saniya."

Suka zauna lissafin tsofaffi. Niña Chabela ta rasu a sansanin gudun hijira. Don Lencho yana nan da rai, amma hankalinsa ya riga shi tafiya, kowa ka nuna masa sai ya ce bara aka haife shi. Suka ƙirga suka ƙirga, yatsu suka ƙare a kan mutum ɗaya, kuma su biyun sun san shi tun kafin su fara ƙirgen. Don Nicomedes Orellana, mai shekara tamanin da huɗu.

Shi wannan Don Nicomedes shi ne shugaban 'yan sintirin da soja suka kafa a garin a farkon yaƙi. Ɗansa Rutilio ya shiga soja, autan Niña Tancho kuma, Isaías, ya hau dutse wurin 'yan tawaye. Ranar da sojoji suka zo neman Isaías, Don Nicomedes ne ya shige gaba ya nuna musu ƙofa da sandarsa, alhali shi ne ya riƙe yaron a coci ranar baftismarsa. Ba su same shi ba, suka ƙone mata rumbun masara. Bayan shekara huɗu harsashi ya sami Isaías a kan dutse, Rutilio kuma ya taka nakiya a gonar kofi. Tun ranar sandar nan ko kallon tsohon ba ta sake yi ba. Sai dai duk aladen da ta kiwata sunansa Nico, kuma da ƙarfi take kiransa cin dusa, don gidajensu katanga ɗaya ce ta raba.

Da katin wani abu ne daban, da ta haƙura. Amma Isaías ya sha gaya mata, yana cin wake a tsaye kafin ya koma dutse, cewa wata rana za ta dangwala yatsa a tawada ta zaɓi wanda take so, babu soja tsaye a kanta. Ta ce masa shirme ne. Yanzu ga ranar ta zo, shi babu shi, kuma tana son ta ga abin nan da ya ci mata ɗa. Tana so ƙwarai, har abincin kirki ta kasa ci.

Talata ta wuce, Laraba ta wuce. Dinora ta biyo ta gida ta ce, "Iya, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne." Tsohuwa ta ce wadan nan ko a kwance yake ba za ta durƙusa masa ba. Ranar Alhamis da hantsi ta ɗaura ɗankwali ta zagaya katangar.

Ta same shi a baranda yana lilo a ragar da ya ɗaura, hula a kan fuska. Ba ta gaishe shi ba. Ya ɗaga hular da yatsa ɗaya.

"Ikon Allah. Ko takwarana ne ya ɓata?"

"Yana nan, ya fi ka ƙiba, ya fi ka amfani. Gobe ƙarfe tara a ofis."

"In yi me?"

"Ka san me. Duk gari sun sani, kai ne za ka ce ba ka ji ba?"

Ya daɗe yana kallonta. Ta ga ya tsufa fiye da yadda take zato, wannan ma ya ba ta haushi.

"Zan zo," in ji shi. "Amma irin shaidarki zan yi, Tancho. Gaskiya zalla, har da ƙari."

Kafin ƙarfe tara na Juma'a ofis ya cika har taga. Fidelina ta rufe shagonta, Evaristo ya bar nama ga ƙudaje. Don Nicomedes ya iso da farar riga da sandar nan tasa, aka ba shi kujerar da Niña Tancho ta saba zama, ita kuma ta tsaya inda masu neman shaida suke tsayawa.

Dinora ta ce, "Shekara nawa, Iya?"

"Sittin da takwas."

Tsoho ya yi dariya har da tari. "Sittin da takwas! Yarinya, buga min wannan. An haife ta shekarar da dutsen babban birni ya yi aman wuta, a watan Yuni, ƙasa tana ta rawa. Ina ɗan shekara takwas. Uwata ce ta karɓi haihuwar, ni na ɗauko ruwan zafi. Ku yi lissafi."

Fidelina ta riga kowa. "Saba'in da shida! Takwas kika sace, Niña Tancho, ni bakwai kawai na nema!"

"Ban gama ba," in ji shi. "Baƙa wuluk ta fito, ga gashi har a kunne, ga baki buɗe tana masifa tun ba a mare ta ba. Uwata ta ce wannan ko ba haƙori za ta ciji mutum. Kuma almakashin da ke aljihunta na uwata ne, aro ta karɓa, shekara hamsin ke nan."

Ofis ya kaure. Evaristo har da buga bango. Wanzami dai ba ya son jarfa, Niña Tancho ta tsuke baki, tabarau yana rawa a kan hancinta. Da hayaniya ta lafa Dinora ta tambaye ta a hankali ko ta yarda da shaidar.

"Buga yadda tsohon banzan nan ya ce. Ban da gashin kunne."

Tafireta ta yi ƙara, aka buga hatimi, aka miƙa mata. Ta riƙe takardar a juye, babu wanda ya yi gigin gyara mata. Mutane suka fara fita, amma Don Nicomedes bai tashi ba.

"Akwai saura," in ji shi. "Rutilio Orellana. Yana cikin littafin da kika ƙona."

Dinora ta sunkuyar da kai. "Don Nico, mamaci ba ya zaɓe."

"Ban ce zai yi zaɓe ba. Na ce an haife shi."

Waɗanda suka kai ƙofa suka tsaya. Uwar Rutilio ta rasu tun kafin yaƙi, kuma kowa ya san mutum ɗaya ne ya rage da ya ga haihuwar nan. Niña Tancho ta ciro ashana ta kunna tabarta, ta ja, ta fesar.

"Talata ce," in ji ta, "uku ga Satumba, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ƙato ne, ya wahalar da uwarsa tun safe har la'asar. Uban kuwa yana bayan ɗaki yana amai don tsoro, sai da na aika masa da ruwan lemun tsami." Wasu suka yi dariya kaɗan. "Uwar ba ta da ruwan nono. Kwana tara kafin nan na haifi nawa, sai na haɗa su, ɗaya dama ɗaya hagu. Naka ya fi ci." Ta juya ga Dinora. "In kin gama wannan ki sa wata takardar. Isaías Guardado."

"Uwa ba ta shaidar ɗanta, Iya. Wa zai tsaya masa?"

Don Nicomedes ya ajiye sandar a ƙasa, ya ɗaga hannun dama.

Ranar zaɓe, wata Lahadi a watan Maris, Niña Tancho ta sa rigar zuwa coci ta bi layi a harabar makaranta. Ta daɗe a bayan labulen kwali har ma'aikaci ya leƙa ya ga ko lafiya. Da aka miƙo mata kwalbar tawada sai ta tsoma yatsa har gaɓa ta biyu. A bakin ƙofa ta tarar da Don Nicomedes zaune a kan dakali, shi tun sassafe ya yi nasa.

"Ba naka na zaɓa ba," in ji ta.

"Na sani. Ni ma ba naki ba."

Ta sa hannun hagu a aljihu, ta ciro takardar Isaías daga gefen almakashin, ta shimfiɗa ta a kan dakali ta danna yatsan a ƙasan sunan. Tsoho ya kalle ta. Ya cire hularsa, ya zaro takardar nasa ɗan daga ciki, ya danna nasa yatsan, ya sake dannawa. Tawadarsa ta riga ta bushe, ko alama ba ta fito ba.

"Kawo nan," in ji Niña Tancho. "Kai dai ba ka taɓa iya komai ba."

Ta karɓi takardar Rutilio ta danna masa nata.