Katin da Aka Ce Ya Fito Daga Min

Ƙanena Fatahu bai taɓa sayen sabon abu ba, in ka cire burodi. A wani gari wannan tattali ne, amma a Arlit neman magana ne, don mu nan kafin a tambayi farashin tsohon ƙarfe sai an tambayi inda ya fito.

Babanmu, Malam Ramalan, ya baro Tawa yana saurayi ya kama aiki a ramin uraniyom, abin da kowa a garin nan ke kira min. A can ƙarfinsa ya ƙare. Tari ya kwantar da shi, likita ya faɗi sunan ciwon da Faransanci, ya ce ba ruwan aiki a ciki. Innarmu Madina ta ce to. Bayan an share makoki ta kwashe duk tukwanen da maƙera suka narka daga tsohon ƙarfe ta fitar da su daga gidan. Tun daga ranar ko cokali ba ya shigowa sai ta ji asalinsa. Ni Hafsatu, babbar ɗiyarta, halin nan na ɗauko kaf, kuma ban ga abin kunya a ciki ba.

Fatahu kuwa ban san wanda ya biyo ba. Bai gama makaranta ba ya shiga jan wayar lantarki a wajen wani ɗan kwangila a Akokan. Da aka rufe ramin can, ya koma kabu-kabu. Abu biyu ne a ransa tun yana ƙarami: kiɗa, da ƙwallon nan da ake bugawa a allo ana ihu kamar da gaske. Wata rana ya ce zai mallaki odinata, wato kwamfuta, wadda za ta yi masa duka biyun. Na tambaye shi ko babur ɗin zai sayar, don na ji sabuwa ta fi babur tsada. Ya yi dariya ya ce haɗawa zai yi da hannunsa, guntu-guntu.

Haka kuwa aka yi. Akwatin ya samo daga wani shagon buga takardu da ya karye. Allon yana da tsaga a kusurwa, ya ce ba a nan ake saka ƙwallo a raga ba. Wani direban Agadas ya kawo masa wasu siraran abubuwa masu kama da mataji, wai su ne ƙwaƙwalwa. Saboda zafin garinmu ya ƙara fankoki har akwatin na huci, ya toshe tagar ɗakinsa da tsohon gidan sauro don kada yashi ya shiga, ya bi bango ya manna kwalayen ƙwai. Kowane guntu sai da ya zauna gaban Inna ya ba da tarihinsa kafin ya wuce tsakar gida.

Ni dai hankalina bai kwanta ba. Samari masu rawani suna shigowa da gita, a rufe ɗaki, a fito ana murmushi. Ya ce waƙar biki suke gwadawa. Na ce ni ban ga amarya ba. Na zargi damfara, na zargi caca, har ƙwaya na zarga, na shinshina rigarsa ban ji komai ba sai fetur. Hakan ma bai wanke shi a wurina ba.

Abu ɗaya ya rage masa, katin hoto, wanda ya ce in babu shi ƴan ƙwallon za su riƙa tafiya kamar masu ciwon ƙafa. Shi ne mafi tsada, shi ya sa ya daɗe yana nema. Daga ƙarshe Harisu ya kawo masa. Harisu Bakano ne, yana kai kayan waya wa masu haƙar zinariya a Tchibarakaten, kuma bakinsa ba ya hutawa. Da hantsi ya zo, ina tsakar gida ina taya Inna tsince shinkafa, na ji shi da kunnena a bakin ɗaki yana cewa:

"Ka san abin da ya sa ka same shi da araha? An yi mainin da shi. Ya daɗe yana aiki ba dare ba rana. Amma kada ka damu, na hure ƙurar tas."

Na dubi Inna, Inna ta dube ni. Min, aiki ba dare ba rana, ga kuma ƙura. Me ya rage a faɗa?

Harisu na fita Inna ta kira Fatahu. Ya zo da abin a hannu, cikin wata leda mai ƙyalli, har yana shafa shi.

"Aje shi nesa," in ji ta. "Daga wane rami anka hiddo shi?"

"Inna, ba min irin tamu ba ce. Kuɗi aka haƙa da shi a cikin intanet. Kuɗin da ba a gani."

Ban taɓa jin bayanin da ya fi wannan ɓata magana ba. Inna ta ce, "Haƙa dai anka yi ko?" Ya ce e, amma ba ƙasa ba. Ta ce abin da ya kashe ubansa ma ba a ganinsa. Fatahu ya buɗe waya zai nuna mata hoton wasu injuna jere a ɗaki, na ce ya rufe, hoto kowa na iya haɗa shi.

Daga ranar gidan ya rabu biyu. Inna ta ware masa kwanon abinci, ta daina bi ta ƙofar ɗakinsa, ni kuma na hana ƴaƴana zuwa. Ta ce ko abin ya fita, ko su fita tare. Fatahu ya rame. Lokacin ne kuma Alhassane mai gita ya yarda ya ɗauki waƙoƙin ƙungiyarsa a wajensa, aikin gaske na farko da ya taɓa samu, ga shi ba shi da wani ɗakin mai wuta da zai koma. Ya ba ni tausayi, ba zan ɓoye ba. Amma tausayi daban, yarda daban.

Fatahu ne ya kawo shawarar a kira Ghissa. Ghissa Buzu ne, abokin Baba tun suna hawa motar ma'aikata tare, yanzu yana cikin wata ƙungiyar tsofaffin ma'aikata da ke da na'urar gwada ƙarfe. In ta kusanci ƙarfe mai guba sai ta kama ƙara. Inna ba ta yarda da kowa ba sai shi, don shi ya yi wa Baba wanka. Ni na ce a lura ko Fatahu ya riga ya kai masa sukari da ganyen shayi.

Ya zo bayan la'asar, na'urar rataye a wuya. Kafin ya kunna ta Inna ta tsaya tsakiyar gida ta ɗaga yatsa.

"Ku shaida. Duk abin da ƙarfen ga ya yi ma kuka, wallahi ba shi kwana gidan ga."

Fatahu ya ce ya yarda.

Ghissa ya kunna ta a ɗakin Fatahu. Na'urar ta riƙa yin ƙyas, ta yi shiru, ta sake ƙyas. Na ce ga shi nan! Ya ce a'a, wannan ko'ina a garin haka take yi, har a masallaci. Ya kai ta jikin akwatin, babu canji. Na sa aka kwance murfin, ya ɗora ta a kan katin kansa. Babu. Na ce ya juya katin. Na ce ya duba ko batirin ya mutu. Ya dube ni ta saman rawani ya ce da Hausarsa ta Buzaye, "Hafsatu, kai ma in gwada ka?" Fatahu ya fashe da dariya har da hawaye, ni kuma raina ya ɓaci, don ban saba a kayar da ni a gaban ƙane ba.

Inna ta yi ajiyar zuciya ta yi wa Ghissa godiya. Muka raka shi, yana ba Fatahu labarin wani biki, ya manta bai kashe na'urar ba. Ya kai hannu zai ja ƙofar gida, sai abin ya ɓarke da ƙara babu tsayawa, kamar an zuba ruwa a tafasasshen mai.

Ƙofar nan Baba ne ya yi ta da hannunsa shekarar da aka haife ni, da wani farantin ƙarfe mai kauri da ya yi ta alfahari da shi. Tana da wani kuka in an tura ta, ƙiii sannan gau. Inna ba ta taɓa bari a sa mata mai ba, don da kukan take gane ya dawo daga aiki tun kafin ya yi sallama. Duk tukwanen da aka zubar, duk cokulan da aka tuhuma, ta cikinta aka wuce da su. Mu duka da ita muka yi wasa, ƴaƴana ma a jikinta suka koyi tsayuwa.

Ghissa ya ja da baya, ƙarar ta ragu. Ya matsa, ta dawo. Ya yi haka har ya gaji, sannan ya ce a hankali, "Innar Hafsatu, ƙofan nan ne. Ba zai kashe mutum yau ba, amma bai kamata ya zauna ba."

Tsoro ya kama ni. Fatahu ne ya fara magana. Ya ce, "Inna, a kan injina kika rantse. A tambayi malam, ko kaffara ce sai a yi, a bar ta zuwa wani lokaci."

"Duk abin da, na ce," in ji Inna. Ta dubi ƙofar. Sannan ta juya ga Fatahu, ba ta kalli idonsa ba. "Injin nan naka, shina ɗaukar kowace irin ƙara?"

Ya ce yana ɗauka. Ya jawo doguwar waya daga ɗakinsa har zaure, ya kafa abin magana, ya ce kowa ya yi shiru. Inna da kanta ta tura ƙofar, injin ya ɗauki kukanta. Kafin magariba mutanen ƙungiyar Ghissa sun zo da amalanke sun cire ta, muka rataya tabarma a gurbin.

Yanzu ƙofar katako ce a gidan, ba ta cewa komai. Waƙoƙin Alhassane sun fita, ana sa su a bukukuwa har Agadas, Fatahu ya rage kabu-kabu, ƙwallon ma sai ya samu sarari. Ni har gobe ba na barin ƴaƴana su taɓa akwatin nan, don kuɗin da ba a gani ban yarda da su ba, kuma Harisu bai yi mini kama da mai gaskiya ba.

Inna kuwa, in yamma ta yi, daidai lokacin da motar ma'aikata ke sauke mutane a bakin titi, sai ta ɗauki kujerarta ta tsugunno ta nufi ɗakin kwalayen ƙwai. Ko ana tsakiyar ɗaukar waƙa sai a dakata. Ta zauna, ta gyara mayafi, ta ce, "Fatahu, buɗe mini ƙofa."