Baffa ya gyara wa miksata sahu

Jama'a, ku ji yadda sifikata ta mutu yau.

Kiɗan biki aka ɗauke ni a Amarawa. Awa guda ina saita maɓallan miksa, na'urar daidaita sauti, wannan sama, wancan ƙasa. Na je sayo man janareta. Ina dawowa na kunna, sifika ta yi ƙara ɗaya ta mutu. Ga amarya a hanya.

Na duba, duk maɓallan suna ƙoli, a jere.

Na ce, “Wa ya taɓa?”

Baffan ango, mai gyara sahu a masallacinsu, ya ce, “Ni ne, ɗana. A karkace na gan su.”

“To Baffa, don mi ka kai su sama?”

Ya ce, “Sahun gaba ya fi lada.”