Rawanin Baba Agali

Ilu na tsakiyar ƙoramar Cirozerin bisa robar cikin tayar kamiyo, wato babbar mota, yana tuƙi da shebur, mu kuwa muna gaɓa muna zuga shi. Abokin aikina ne, direba, ɗan Maradi.

Baba Agali mai garka ya ce, "Ɗana, fito. An yi ruwa bisa duwatsu, yana tafe."

Ilu ya ce, "Baba, dubi sama, ko girgije babu. Ni a gulbi na girma."

Bai rufe baki ba ruwan ya iso, ja wur, ya kife shi. Babu igiya kusa. Dattijon nan, da bisa al'adarsu kullum fuskarshi ke rufe, ko surukanshi ba su taɓa ganin bakinshi ba, ya warware rawaninshi gaban maza da mata ya jefa, muka jawo Ilu.

Yau na tashi na tarar da bidiyo na yawo, an sa sautin dariya, ana yi wa sanƙon Baba ba'a.

Kai da ka ɗauka, hannu biyu gare ka, ba ka kama rawanin nan ba.

Jama'a, ku gaya mini, tsakanin Baba da mai bidiyon, wa aka gani tsirara?