Makin da Dona Jucirene ta tara

Shekara goma sha tara ke nan Dona Jucirene Pantoja tana dafa abincin sayarwa a unguwar Guamá, a nan Belém. Kullum takan cika robobi saba'in da shinkafa da wake da nama ko soyayyen kifi, magina da masu gadi da direbobin bas su aiko a karɓa. Ni ma a wurinta nake cin na rana tun lokacin da ofishin jaridarmu yake bayan layinsu. Ba ta da yawan magana. In ka ce gishiri ya yi yawa, sai ta ce gobe ka zo da naka girkin.

Mahaifiyarta, Dona Osmarina, tana zaune tare da ita. Shekarunta tamanin da takwas, zuciyarta ta yi rauni, likita ya hana ta doguwar tafiya. 'Yar Jucirene guda ɗaya, Edilene, tana can kudu a Joinville tana aiki a masana'antar firji. A can ta yi aure, ta haifi mace aka sa mata sunan tsohuwa, ana kiranta Marina. Yarinya ta shekara uku, tsohuwa ba ta taɓa ganinta ba sai a waya.

Abin da Jucirene ta sa a gaba shi ne ta kawo su biyun gida a bikin Círio na watan Oktoba, babban bikin coci mai jerin gwano, lokacin da kowane ɗan Belém yake komowa, kuma lokacin da kuɗin jirgi yake ninkawa uku. Cinikin abinci ba zai sayi tikiti ba. Makin katin bashi na banki, wanda ake tarawa duk lokacin da aka biya da katin, take fatan zai saya.

Dona Rosilda ce ta koya mata. Mai gyaran gashi ce a ƙarshen layin, ita ta riƙe Edilene a coci ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna comadre. Tana cikin wani zaure na waya inda mutane ba su da hira sai ta maki da tikiti, kuma sau biyu ta je Fortaleza ba ta biya kuɗin jirgi ba.

"Comadre, ke da kike sayen buhun shinkafa duk mako, kina biya da kuɗi a hannu kamar kakarki?" in ji ta. "Goga kati, ƙarshen wata ki biya duka. Bankin ne zai riƙa ba ki tukuici."

Jucirene ta bi. Shinkafa, wake, mai, iskar gas, maganin tsohuwa, duk da kati. Maƙwabci zai sayi fanka ko siminti, sai ta karɓi kuɗinsa a hannu ta raka shi kanti ta goga nata. Har aka riƙa tsokanarta cewa ko akwatin gawa za a saya a Guamá, a fara sallama wa Jucirene. Cikin shekara biyu da wata uku ta tara maki dubu hamsin da takwas da ɗari huɗu.

Bai isa ba. Mutum biyu, zuwa da komawa a makon Círio, dubu ɗari da goma sha biyu ake nema. Amma Rosilda ta ce ta jira. Lokaci zuwa lokaci kamfanin jirgi yakan yi garaɓasa: duk wanda ya tura makinsa daga banki zuwa wurinsu a cikin kwanakin, sai su ninka masa. Jucirene ta jira tun Maris. A Mayu tsohuwa ta kwanta asibiti kwana shida. A Yuli ƙafafunta suka kumbura. Likitan bai faɗi wata magana mai nauyi ba, sai dai ya tambaya ko akwai 'yan uwa a nesa.

Garaɓasar ta zo ranar wata Talata a Agusta, ta kwana biyu kacal. Rosilda tana Castanhal wurin ƙanwarta, ta aiko da saƙon murya har uku. Jucirene ta saurari na farko da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, kifi na cikin mai, mutum takwas na jira a ƙofa. Ta goge hannu a zani, ta buɗe manhajar banki, ta tura makin gaba ɗaya. Saƙo na biyu da na uku sai da yamma ta ji, tana wanke tukwane, kuma ba ta kama abin da ake faɗa sosai ba.

Washegari dubu hamsin da takwas suka bayyana a asusunta na kamfanin jirgi. Ƙarin, aka rubuta, yana iya ɗaukar kwana goma sha biyar.

A kwanakin nan na ga abin da ban taɓa gani ba: Jucirene ta ƙona wake. Wayar tana jingine da gwangwanin gishiri, tana duba ta tsakanin roba da roba. Kujerun ranar Juma'a sun tashi daga maki dubu ashirin da takwas zuwa ashirin da tara, sannan talatin da ɗaya. Edilene ta riga ta karɓi hutun kwana shida, Alhamis zuwa Talata, bayan ta yi musayar aiki da mata biyu. Tsohuwa kuma kowace safiya tambayarta ɗaya.

"An sayi abin?"

"Ana kai, Mama."

"Tun Ista ake kai. Ni dai kada ki sa ni in yi ta jiran banza, ban da lokacin."

Rana ta goma sha shida ƙari bai shigo ba. Rosilda ta zo da tsakar rana, da almakashi a aljihun riga, ta karɓi wayar tana latsawa.

"Ranar nan, kafin ki tura, kin shiga shafinsu kin yi rajista?"

"Wace rajista? Ai ina da asusu."

"Ba asusu ba. Rajistar garaɓasar. Akwai wurin da ake dannawa a ce ina ciki, sannan a tura. Na faɗa miki a saƙo na biyu, na maimaita a na uku."

"Kin fara da labarin mijin ƙanwarki minti huɗu. Wa zai kai ƙarshe?"

"To ai ga shi kin kai."

Sun kira kamfanin. Minti hamsin suna sauraron kiɗa kafin wata mata mai ladabi ta ce ba ta ga sunan Jucirene cikin waɗanda suka yi rajista ba, kuma makin da aka turo ba ya komawa banki. Jucirene ta yi godiya, ta kashe wayar, ta ci gaba da yanka albasa. Rosilda ce ta yi kukan.

Abin da ya rage a hannu yana sayen kujera biyu, ba huɗu ba. Akwai jirgin Alhamis mai tsayawa sau biyu, dubu ashirin da takwas da ɗari tara kowace kujera. Ko dai Edilene ta zo ita kaɗai ta koma a jirgi, ko su zo da yarinya su koma a bas, kwana biyu da rabi, da canjin mota a São Paulo. Don ta kama aikin safiyar Laraba, dole ta hau motar ƙarfe biyu na ranar Lahadi, ranar Círio ɗin kanta, daidai lokacin da kowane gida yake zama cin abinci. Wanda ya makara daga hutu a masana'antar, ba a cika tambayarsa dalili ba.

Jucirene ta kira 'yarta a lokacin hutun cin abinci, ta faɗa mata komai ba ta rage ba.

"Mama, shekara biyu kina goga kati, maɓalli ɗaya ya kayar da ke?"

"Ya kayar. Ki zo ke kaɗai, aikinki ya fi."

"Kaka ta san fuskata, ta gaji da ita ma. Sayi biyun. Marina ba ta biyan kuɗin bas in tana kan cinya, nawa kuma Cleiton zai biya, tunda shi ya riƙe ni a nan." Cleiton mijinta ne.

"Kwana biyu da rabi da yarinya a cinya?"

"Ke ba a kwale-kwale kika kawo ni daga Abaetetuba ba? Sayi kafin su ƙara."

Rosilda ta karanta kowane layi da ƙarfi sau biyu kafin ta bar Jucirene ta danna.

Sauran makonni bakwai ba su zo da sauƙi ba. Kamfanin ya matsar da jirgin farko da minti arba'in, tazarar canjin jirgi a Brasília ta koma ƙasa da awa ɗaya. Tsohuwa ta yi kwana biyu ba ta cin komai sai kunu. Duk da haka, saura mako guda Jucirene ta ɗora maniçoba, miyar ganyen rogo da sai ta kwana bakwai a wuta.

Sun sauka ranar Alhamis da yamma, jakarsu ta biyo baya ranar Asabar. Marina ta ƙi shiga ɗakin tsohuwa a ranar farko, ta ce yana warin magani. Rana ta biyu ta shiga don ta ga kyanwa a ƙarƙashin gado, ta zauna. Dona Osmarina ta daɗe tana kallonta, ta ce goshin na gidan su Cleiton ne, amma za a haƙura.

Ranar Lahadi gidan ya ci abincin Círio da ƙarfe goma sha ɗaya, mutane ba su ma dawo daga jerin gwano ba. Tituna a cushe, Edilene ta yi rabin hanyar tasha a ƙafa da yarinya a kafaɗa. Jucirene ba ta yi girkin sayarwa ba Litinin da Talata, tana bin motar gari bayan gari ta saƙonnin 'yarta. Motar ta yi asarar awa uku a hanya saboda gyaran gada.

Ƙarfe shida saura kwata na safiyar Laraba saƙo ya shigo: Edilene ta shiga aiki kai tsaye daga tasha, Cleiton ya tafi da Marina gida. Jucirene ta je ta faɗa wa tsohuwa.

"Da ta ƙara kwana ɗaya ai ba za su mutu ba," in ji Dona Osmarina. "Ɗaga ni, bayana ya gaji."